Darasin Lafiya: Gyambon Ciki Mai Zubar da Jini, da Batun Sake Leƙa Shi

Wannan darasi domin manoman rani ne da iyalansu, musamman na ƙasar Kura, da Bunkure, da Garun Malam, inda ruwan Tiga ya ke bi ta kanal zuwa gonaki. Ya kyautu a karanta shi da ƙarfi a taron ƙungiya, mai karatu ya riƙa tsayawa domin tambaya, gama da yawa cikin waɗanda abin ya shafa ba su yi karatun boko ba. Batunmu shi ne mutumin da gyambon cikinsa ya fashe ya zubar da jini, aka kai shi asibiti, jinin ya tsaya. Me za a yi domin kada ya sake zuba? Ko lalle ne a sake zura masa na'urar leƙa ciki kashegari? Iyalai da dama sukan sha wahalar wannan tambaya a bakin gadon asibiti, ga kuɗi sun ƙare, ga gona tana jira.

Menene gyambon ciki?

Tumbin mutum yana fitar da wani ruwa mai tsami ƙwarai, watau asid, domin narkar da abinci. Tumbin kansa yana da majina mai kauri da ta lulluɓe shi daga ciki, ita ce ta ke hana asid ɗin cin naman. Idan wannan kariya ta raunana a wani wuri, sai asid ya ci wurin ya zama miki. Shi ne gyambon ciki, wanda a kemis a ke ce da shi olsa. Wani ya kan fito cikin tumbi, wani kuwa a bakin ƙaramin hanji, daidai inda abinci ya ke fita daga tumbi.

Abu biyu ne manyan masu kawo shi. Na fari wata ƙwayar cuta ce mai suna Helikobakta, za mu koma kanta a gaba. Na biyu shi ne magungunan kashe ciwon jiki, irin su asfirin, da ibufirofen, da diklofenak, da firoksikam wanda aka fi sani da Feldene. Garin Alabukun ma asfirin ne a cikinsa, tare da kafeyin. Barkono da yunwa sukan tsananta zafin gyambon da ya rigaya ya fito, amma ba su ne tushensa ba, ko da ya ke mutane sun fi ɗora musu laifi.

A nan ne abin ya taɓa mu. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, manomin wannan yanki ba shi da hutun rani kamar na kakanninsa. Daga shinkafar damina sai alkama da tumatir da albasa. Mai dashe yana wuni a sunkuye cikin ruwa, mai ɗaukar kwandon tumatir a Kwanar Gafan wuyansa da bayansa suna amsawa, mata masu turara shinkafa a Kura su ma haka. Da magariba sai a biya wurin mai kemis a ce ya yi haɗi na ciwon jiki. Sai ya ƙirgo ƙwayoyi huɗu ko biyar cikin leda, ba suna, ba takarda. Sau da yawa biyu ko uku daga cikinsu duk dangi ɗaya ne, duk masu cin tumbi. A sha su da ruwa, ciki babu kome, yau da gobe, har ƙarshen kaka. Mai irin wannan hali ba lalle ne ya ji ciwon ciki tukuna ba. Wani jini ne zai zama sallama ta fari da gyambon zai yi masa, musamman dattijo.

Yadda za a gane jini yana zuba

Idan gyambon ya ci ya kai kan jijiyar jini, sai ta fashe. Jinin ya kan fito ta sama ko ta ƙasa. Ta sama, mutum ya yi aman jini ja, ko kuwa baƙi-baƙi mai tsaki-tsaki kamar an jiƙa garin gawayi. Ta ƙasa, bayan gida ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta, mai danƙo, da wari dabam da na kullum. Wannan na biyu shi ne mutane suka fi rainawa, gama ba su ga ja ba. Ƙwayar ƙarin jini ma ta kan sa bayan gida ya yi baƙi, amma nata ba ya danƙo haka, ba ya kuma zuwa da jiri.

Jiri idan an miƙe, da bugun zuciya da sauri, da zufa mai sanyi, da tafin hannu da cikin ido su yi fari, da suma, duk suna nuna jinin da ya zuba ba kaɗan ba ne. A kwantar da mutum bisa gefensa domin kada amai ya shaƙe shi, kada a ba shi abinci, ko kanwa, ko jiƙo, ko nono, a nemi mota nan da nan. A tafi da ledar maganin da ya ke sha. A tafi kuma da 'yan'uwa masu ƙarfi biyu ko uku, gama a asibitocinmu galibi dangi ne a ke nema su ba da jini.

Asibitin da ke kusa zai iya sa masa ruwa, ya auna jininsa, ya fara allurar rage asid. Amma leƙa ciki sai an kai babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a birni, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya. Game da ƙarin jini, kada iyali su ga kamar an yi sakaci idan likita bai cika leda a kan leda ba. A 2013 aka buga wani bincike da aka yi a Basalona ta ƙasar Sifen a kan mutum 921, aka tarar waɗanda aka jira har ma'aunin jininsu ya sauka ƙasa da 7 kafin a ƙara musu sun fi rayuwa bisa waɗanda aka ƙara wa tun yana ƙasa da 9. Wanda jini ke kwarara masa sosai, ko mai ciwon zuciya, nasa hukuncin dabam ne, likita ya san wannan.

Leƙawa ta fari

Na'urar leƙa ciki, wadda likitoci ke kira endoskof, wani bututu ne mai laushi, kaurinsa kamar ɗan yatsa, da fitila da ido a bakinsa. Wani likita mai suna Basil Hirschowitz ne ya fara ƙera irin mai lanƙwasa a Amurka a 1957, ya kuwa fara gwada shi a kan kansa. A kan fesa wa mutum magani a maƙogwaro, wani lokaci a yi masa allurar da za ta sa shi gyangyaɗi, a sa masa roba tsakanin haƙora, sa'an nan ya haɗiye bututun. Ba yanka, ba ɗinki. Bututun hanyar abinci ya ke bi, numfashi kuwa yana da tasa hanya, saboda haka ba ya toshe numfashi. Ƙa'ida ita ce a leƙa cikin awa 24 da zuwan mutum asibiti, bayan an daidaita shi da ruwa da jini.

Wannan leƙawa ta fari ba ta da madadi, kuma a yankinmu tana da wani dalili na musamman. Ba kowane aman jini ne daga gyambo ba. Ruwan kanal da na kududdufi suna da katantanwa masu ɗauke da tsargiya. Kowa ya san tsargiyar fitsarin jini, amma akwai 'yar'uwarta mai zama a jijiyoyin hanji, wadda ƙwanta ke taruwa a hanta shekara da shekaru har hantar ta taurare. Ciwon hanta mai lamba B shi ma haka ya ke yi. Idan hanta ta taurare, jini ya kan rasa hanya, sai jijiyoyin da ke ƙasan hanyar abinci su kumbura, wata rana su fashe. A ido, aman wannan da na mai gyambo ɗaya ne. Magani kuwa ya bambanta, gama kumburarrun jijiyoyi ɗaure su a ke yi da 'yar roba. Mutumin da ya yi shekara biyu yana shan maganin olsa bisa zato, alhali hantarsa ce, ya yi hasarar kuɗi da lokaci.

Idan gyambo ne, likita ba kallo kaɗai zai yi ba. Zai duba fuskar mikin ya san haɗarinsa. Wani likita a Edinbara, John Forrest, shi da abokan aikinsa suka tsara wannan dubawa a 1974, har yanzu da ita a ke aiki. An tattara lissafi daga asibitoci da yawa aka ga abin da ke faruwa idan ba a yi wa mikin kome ta na'ura ba. Mikin da aka tarar yana zubar da jini, wajen 55 cikin 100 sukan ci gaba da zuba ko su sake. Wanda kan jijiya ya fito fili a cikinsa ko da ba ya zuba, wajen 43. Wanda gudan jini ya manne a kansa, wajen 22. Mai ɗigon baƙi a shimfiɗe, wajen 10. Mai tsabtataccen gindi, wajen 5 kaɗai.

Saboda haka mutum biyu za su zo rana ɗaya da aman jini, a sallami ɗaya kashegari, a riƙe ɗayan. Ba son kai ba ne. Na farin gindin mikinsa fes ya ke, zai ci abinci ya tafi gida da ƙwayoyi. Na biyun kan jijiya aka gani. Shi za a yi masa aiki ta cikin bututun nan take: a yi allurar adirenalin kewaye da wurin domin jijiya ta tsuke, sa'an nan a matse ta da wani ɗan hantsakin ƙarfe da za a bari a ciki, ko kuwa a yi mata lalas da zafi. Allurar kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da ɗayan biyun nan.

Kwana ukun nan

Duk wanda ya taɓa toshe ɓarakar kanal ya san abin da za mu faɗa. An cika wurin da buhunan ƙasa, an daddanna, ruwa ya tsaya. Amma ƙasar ɗanya ce, ba ta zauna ba. Idan aka sako ruwa da ƙarfi a daren nan, ta nan zai sake ɓallewa. Jijiyar da aka toshe ita ma gudan jini ne ya rufe bakinta, asid na tumbi kuwa narkar da gudan jini ya ke yi kamar yadda ya ke narkar da nama. Mafi yawan masu sake zubar da jini, cikin awa 72 na fari su ke yi. Wanda ya sake kuwa, haɗarin mutuwarsa ya ninka na wanda bai sake ba.

Domin wannan ne a ke riƙe mai miki mai haɗari kwana uku a asibiti, ko da ya ce ya ji garau. A nan ne kuma mu kan yi babbar ɓarna. Rana ta biyu mutum ya tashi zaune, ya sha kunu, ya tuna ranar ba-ruwansa ce, ko tumatir ya nuna zai ruɓe, ko ɗan'uwan da ke jinya ya gaji da kwana a baranda. Sai a sa hannu a takarda a ce an tafi bisa son rai. Idan jinin ya sake ɓallewa da tsakar dare a wani ƙauye bayan Bunkure, kafin a tashi mai mota, a fito titin Zariya, a kai birni, abin da ya rage a jiki ba lalle ya isa ba.

To, yaya za a tsare wurin cikin kwana ukun? Likitoci sun bi hanya biyu. Ɗaya ita ce a koma a duba gyaran. Ɗayar kuwa a rage ƙarfin ruwan.

Batun sake leƙawa

Hanya ta fari ita ce a sake zura bututun bayan awa 16 zuwa 24, ko da babu alamar jini, a ga ko kan jijiyar yana nan, idan yana nan a sake yi masa aiki. Hankali ya karɓi wannan shawara, kuma binciken farko ya goyi bayanta. A Hong Kong, likita Philip Chiu da abokansa suka raba marasa lafiya 194 kashi biyu, suka buga sakamakon a 2003. Cikin waɗanda aka sake leƙawa, 5 cikin 100 ne suka sake zubar da jini. Cikin waɗanda ba a sake leƙawa ba, kusan 14.

Amma a wannan lokaci hanya ta biyu tana ƙarfi. Maganin omefirazol, wanda ya shigo kasuwa a 1988, yana rufe famfon asid na tumbi kusan gaba ɗaya. A shekara ta 2000, James Lau da abokansa, su ma a Hong Kong, suka gwada shi a kan mutum 240 da aka yi wa aiki ta na'ura. Rabi aka ba su allura mai ƙarfi, miligiram 80 a take, sa'an nan miligiram 8 kowace awa cikin ruwa har awa 72. Rabi aka ba su ruwan da babu magani. Masu magani, ƙasa da 7 cikin 100 suka sake zubar da jini. Marasa magani, fiye da 22.

Sai tambaya ta zama: idan an ba da maganin nan da ƙarfinsa, sauran amfanin me ga leƙawa ta biyu? Chiu ɗin nan da kansa ya koma ya gwada hanyoyin biyu gaba da gaba, ya buga a 2016, ba a kuwa ga wani bambanci na kirki tsakaninsu ba. Da aka tattara dukan gwaje-gwajen wuri ɗaya, aka lura amfanin sake leƙawa ya fi fitowa a tsofaffin bincike, inda ba a ba da maganin asid mai ƙarfi ba, ko kuwa allurar adirenalin kaɗai aka yi a karon fari. Ba a kuma nuna cewa tana rage mutuwa ba. Saboda haka taron masana na ƙasashen duniya a 2010, da ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka a 2012, da ta Turai a 2015 da 2021, duk suka tsaya a magana ɗaya: kada a mai da sake leƙawa al'ada ga kowa da kowa.

Mu lura da kalmar nan, kowa da kowa. Akwai waɗanda likita zai zaɓa ya ce lalle a sake duba su, kuma yana da gaskiya. Wani ran fari tumbinsa cike ya ke da jini da abinci, likita bai ga wurin sosai ba. Wani an yi aikin amma hannun likita bai gamsu cewa jijiyar ta kamu ba. Wani mikinsa ya fi santimita 2 fāɗi, ko yana bangon baya na bakin hanji inda wata babbar jijiya ta ke wucewa, ko ya zo a sume. Manomi ma ba kowace kunya ya ke komawa dubawa da dare ba, sai wadda ya toshe cikin duhu, ko wadda ke bakin babban ruwa.

A ganina, ga iyalin da kuɗinsu ƙididdigagge ne, wannan labari ne mai daɗi. Idan likita ya ce aikin fari ya yi kyau, ba sai an sake ba, kada a ɗauka an raina talaka ne. Abin da a ke yi ke nan a Ingila da Amurka. Kuɗin da za a kashe a leƙawa ta biyu gara a sayi allurar omefirazol ta kwana uku cif, a biya gado, a ciyar da mai jinya. Inda babu injin ɗiga magani awa-awa, binciken baya ya nuna ba da shi kashi-kashi, sau biyu zuwa huɗu a rana, shi ma yana aiki. Idan kuwa likita ya ce yana so ya sake leƙawa, a tambaye shi dalili cikin ladabi, zai faɗa. In dalilin ɗaya ne daga cikin waɗanda muka ambata, a nemo kuɗin ko da rance ne.

Kada fa a haɗa wannan da wani abu dabam. Duk maganar da muka yi a kan mutumin da jininsa ya tsaya ne, yana kwance lafiya. Wanda ya sake aman jini, ko baƙin bayan gida ya dawo sabo bayan ya fara washewa, ko bugun zuciyarsa ya tashi, ko ma'aunin jininsa ya faɗi, wannan babu muhawara a kansa, sake leƙa shi za a yi da gaggawa. A 1999 aka buga gwajin da aka yi a kan irin waɗannan. Cikin mutum 48 da aka sake yi wa aiki ta na'ura maimakon a wuce da su tiyata, 35 jininsu ya tsaya ba tare da an yanka su ba, kuma wahalarsu ba ta kai ta waɗanda aka yi wa tiyata ba. Idan na'ura ta kāsa karo na biyu, sai tiyata. Mai jinya shi ne idon likita da dare. Ya duba kowane bayan gida kafin a zubar, in ya ga abin da bai gane ba ya kira nas, kada ya ji kunyar tashinta.

Komawa bayan mako shida zuwa takwas

Akwai wata leƙawa kuma da ba ta da dangantaka da kwana ukun nan, ita ce kuwa mutanenmu suka fi ƙin komawa. Idan gyambon a cikin tumbi ya ke, likita ya kan ce a dawo bayan mako 6 zuwa 8 a sake dubawa. Dalili shi ne ciwon daji na tumbi ya kan yi kama da gyambo, har ya ruɗi ido, ranar da jini ke zuba kuma ba koyaushe a ke samun zarafin tsinko nama ba. Idan aka dawo, sai a ga ko mikin ya rufe, a tsinko ɗan nama kamar ƙwayar gero a kai ɗakin gwaji. Dajin da aka kama da wuri ana iya cire shi. Gyambon bakin hanji kuwa da wuya ya zama daji, saboda haka galibi ba a bukatar sake leƙa shi idan mutum ya warke. Ya kamata kowane mai jinya ya tambaya kafin sallama: na tumbi ne ko na hanji? A rubuta amsar a bayan katin asibiti, tare da ranar komawa. Wanda ya wuce shekara 50, ko yana ramewa, ko abinci kaɗan ke cika shi, kada ya kuskura ya tsallake wannan rana ko da ta faɗo tsakiyar yankan shinkafa. Za a ce ya zo bai ci kome ba na awa 6 ko fiye, ya kuma zo da ɗan rakiya.

Ƙwayar cutar da ke gindin abin

Na'ura tana toshe jijiya, amma ba ta cire abin da ya haƙa mikin. Dā likitoci sun gaskata babu wata ƙwayar cuta da za ta rayu cikin asid na tumbi. A 1982 wasu likitoci biyu a Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka raya Helikobakta daga tumbin marasa lafiya. Da aka ƙi yarda da su, sai Marshall ya sha ƙwayoyin da kansa a 1984, tumbinsa ya kamu. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ana ɗaukar cutar tun ana yara, ta bakin juna da ta ruwa da abinci marar tsabta. A wani bincike da aka yi a yankin Maiduguri aka buga a 1992, fiye da 80 cikin 100 na mutanen da aka auna suna ɗauke da ita. Yawancin masu ita ba za su taɓa yin gyambo ba, saboda haka ba kowa ne zai bi ta da magani ba. Amma wanda gyambonsa ya rigaya ya zubar da jini, dole a kashe masa ita.

Lissafin da aka tattara ya nuna cewa cikin waɗanda aka warkar wa miki aka bar musu ƙwayar, wajen 20 cikin 100 sukan sake zubar da jini daga baya. Cikin waɗanda aka kashe musu ita, wajen 3. Babu wata leƙawa da ta kai wannan riba. Maganin haɗi ne na omefirazol da magungunan kashe ƙwayoyin cuta biyu ko uku, har kwana 14. Yana da ɗaci a baki, wani ya kan sa tashin zuciya ko zawo, shi ya sa mutane ke yar da shi a kwana na biyar. Wanda ya yar da shi ya koya wa ƙwayar yadda za ta jure, karo na biyu sai ya fi wuya da tsada. Idan an gama, a jira aƙalla mako 4 a yi gwajin bayan gida ko na numfashi a tabbata ta mutu, a kuma tambayi likita yaushe za a dakatar da omefirazol kafin gwajin, gama yana ɓoye ta. Gwajin jini ba ya nuna ko ta mutu. Wani abin lura kuma, gwajin da aka yi ranar da jini ke zuba ya kan ce babu alhali akwai, saboda haka idan ya ce babu, a sake daga baya.

Omefirazol ɗin kansa za a ci gaba da shi mako 4 zuwa 8 bisa ga faɗar likita, a sha da safe rabin awa kafin karin kumallo. Sigari yana hana miki rufewa, giya da burkutu suna tsokanarsa. Mai niyyar azumi kowane iri cikin makonnin nan ya shawarci likitansa tukuna.

Saura ciwon baya, wanda shi ya kai mutum wurin mai kemis tun da fari, kuma yana nan bai tafi ba. Wanda ya taɓa zubar da jini ya rabu da haɗi har abada. Ya sha farasitamol, watau Panadol, bisa ƙa'ida, ya shafa na shafawa, ya gasa wurin da ruwan ɗumi. Kowane ma'aikacin lafiya da zai rubuta masa magani, ya fara gaya masa cewa ya taɓa aman jini. Amma dattijon da likita ya ɗora bisa ƙaramin asfirin saboda zuciya ko shanyewar jiki, kada ya daina da kansa ya zauna, gama jijiyar zuciya na iya toshewa. Likitoci sukan mayar da shi cikin 'yan kwanaki bayan jini ya tsaya, tare da omefirazol kullum.

Abin da ƙungiya za ta tattauna

Bayan karatu, shugaban taro ya sa a yi magana a kan waɗannan. A garinmu, motar wa za a tasa da ƙarfe biyun dare, lambarsa kuma tana hannun wa? Idan ɗayanmu ya kwanta kwana uku a birni lokacin ba-ruwa, wa zai kama masa gonarsa domin kada ya gudo daga asibiti? Cikin asusun ƙungiya ko adashi, za a iya ware wani abu da za a ranta wa mai irin wannan larura a biya bayan kaka? Su wanene cikinmu suka san rukunin jininsu? A ƙarshe kowa ya kawo ledar maganin ciwon jikin da ke ɗakinsa a taro mai zuwa, a gayyato ma'aikacin lafiya na shiyya ya duba su ɗaya ɗaya, ya ware masu cin tumbi.